Daga Akwatin Masu Sauraro: Ɗana Ya Gama Jami'a, Ya Ce Shi Sai Fim Na Namun Daji

Kamar yadda muka saba, duk amsar da muka bayar a rediyo wadda mutane suka yi ta neman a maimaita, mukan kawo ta wannan shafi, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwatinsa ya sa a karanta masa a natse. Takardar wannan mako ta fito ne daga Zuru ta Jihar Kebbi, daga wani dattijo manomi wanda kuma yake taɓa fataucin dawa da masara. Ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa, mun kuwa amsa masa. Ga abin da ya ce:

TAMBAYA: Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina da ɗa wanda na sha wahalar karatunsa har ya gama jami'a. Ya yi digiri a fannin watsa labarai, inda ya ce an koya musu aikin jarida da rediyo da talabijin da ɗaukar hoto da talla. Bara ya gama bautar ƙasa. Ina sa ran ya nemi aikin gwamnati, sai ya zo mini da maganar wai so yake ya riƙa shiga daji yana ɗaukar fim na dabbobi da tsuntsaye, irin wanda Turawa suke nunawa a talabijin. Har yana roƙo in sayar da shanun huɗata guda biyu in saya masa kyamara. Don Allah ku gaya mini, wannan sana'a ce da mutum zai ci abinci da ita har ya yi aure, ko kuwa shiririta ce? In kuwa sana'a ce, ta ina ake shigarta?

AMSA: To, Baba, mun gode da wannan takarda. Bari in fara ba ka amsar a dunƙule kafin in warware ta. I, sana'a ce, akwai masu riƙe da iyali da ita a ƙasashe da dama. Amma sana'a ce mai jinkirin biya, kuma a ƙasarmu kasuwarta ba ta kafu ba tukuna. Saboda haka shanun nan ka bar su a turke, kada ka kai su kara bana. Dalilan suna tafe.

Wane irin aiki ne?

Dattawa irinka za su tuna da majigi, motar nan da takan zo gari a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a nuna wa jama'a fim irin su Baban Larai domin koyar da noman zamani. To shi ma fim na namun daji ɗan wannan gida ne, watau fim ne na zahiri wanda yake ilmantarwa. Bambancinsa da fim ɗin Kano shi ne babu ɗan wasan da za a ce wa tsaya nan, juyo nan, sake faɗa. Gada ba ta jin umarnin darakta, shaho kuwa ba ya maimaita surar ɗan tsako don kyamara ba ta shirya ba. Abin da ya wuce ya wuce, sai mutum ya sake zaman jira.

Babbar cibiyar wannan aiki a duniya tana birnin Bristol na Ingila, inda BBC ta kafa sashenta na shirye-shiryen halittu a 1957. Baturen nan David Attenborough, wanda muryarsa ta fi ta kowa shahara a wannan fanni, tafiyarsa ta farko don irin wannan shiri zuwa Saliyo ya yi ta, nan Afirka ta Yamma, a 1954. Wani shirin BBC mai suna Planet Earth, da aka fara nunawa a 2006, kashi 11 ne kawai, amma sai da aka yi kusan shekara biyar ana aikinsa. Abin da mai kallo yake gani cikin minti biyu yana kishingiɗe, watakila wani ya yi mako uku a ɓoye cikin bukkar ganye kafin ya same shi.

Kuma ka sani ba mutum ɗaya yake yin wannan aiki ba. Akwai mai bincike, wanda yake gano inda dabba take da watan da take haihuwa, ya nemo izini, ya shirya tafiya. Akwai mai riƙe kyamara da yaronsa mai ɗaukar kaya da cajin batir. Akwai mai ɗaukar sauti. Akwai mai tacewa, wanda zai zauna gaban kwamfuta ya tsamo minti 30 daga cikin hotunan sa'o'i masu yawa ya jera su su zama labari. Sa'an nan akwai mai shiryawa, wanda yake nemo kuɗi da mai saye. Yawancin samari kyamara kawai suke hange, alhali ƙofar mai bincike da ta mai tacewa sun fi sauƙin shiga, kuma ba sa bukatar a sayar da ko akuya.

Digirin nasa fa?

Karatun da ɗanka ya yi, Baba, kamar tiren ɗan koli ne. Akwai allura, akwai zare, akwai madubi da kwalli da turare, kowane kaɗan-kaɗan. Wannan ba aibu ba ne. Ya san yadda ake rubuta labari, ya taɓa kyamara, ya taɓa tace hoto, ya san yadda ake yi wa mutane tambaya. Duk zai bukace su. Amma masu ba da aikin fim na namun daji ba sa tambayar takardar shaida da farko. Cewa suke yi, nuna mana abin da ka ɗauka. Don haka wajibi ne ya zaɓi abu ɗaya daga cikin tiren, ko kyamara, ko sauti, ko tacewa, ya ƙware a kansa har a san shi da shi, kamar yadda a kasuwar Zuru in an ce dawa ake nema aka san rumfar da za a nufa. Ni kaina mai wannan magana takardar malanta gare ni, alli na fara riƙewa, aikin rediyo a bakin aiki na koye shi wajen waɗanda suka riga ni.

Ga misali biyu. A Indiya akwai wata mata mai suna Kartiki Gonsalves, wadda ta yi karatu irin na ɗanka, na hanyoyin sadarwa ta hoto, sa'an nan ta ƙara koyon ɗaukar hoto ta yi shekaru tana bin daji. Ta ga wani mutum da matarsa suna renon marayan ɗan giwa a kudancin ƙasar, kusa da inda ta girma. Ta bi su kimanin shekara biyar, ta fitar da fim na kusan minti 40, wanda a 2023 ya ci kyautar Oscar, babbar kyautar fim ta Amurka. Shi ne fim ɗinta na farko. Na biyu shi ne Alan Root na Kenya, wanda ko jami'a bai shiga ba. A 1978 shi da matarsa Joan suka fitar da fim a kan suri, i, surin gara wannan da kake rushewa a gona, fim ɗin kuwa ya kai ga shiga takarar wannan kyauta. Ɗaya da digiri, ɗaya babu, amma duk biyun abin da yake kusa da gidansu suka ɗauka, kuma duk biyun sun san dabbar da suke bi ciki da waje.

Ilmin da jami'a ba ta ba shi ba

Abin da ya rage wa ɗanka shi ne sanin daji, shi kuwa wannan ilmi yana nan ƙasar Zuru a ƙirjin tsofaffin maharba da makiyaya da masu ɗiban zuma. Da tsohuwar zuma ake magani. Maharbi ya san cewa dabba da hanci take gani, don haka yakan watsa toka ko ƙura ya ga inda iska take kaɗawa, ya zagayo ta inda ƙanshinsa ba zai isa gare ta ba. Ya san sawun gada da na mariya, ya san kashin jiya da na yau, ya san kukan tsuntsun da yake tona asirin mai tafiya. Maharban ƙasar Hausa da suke ɗaura kan burtu a goshi su sunkuya suna tafiya irin tasa har su kusanci nama, dabarar da suke yi ita ce dai masu kyamara suke yi da bukkar ɓuya. Bambancin kawai, shi wannan in ya kusanta maɓalli zai danna, naman ya tashi ya tafi abinsa, gobe a sake ɗaukarsa.

Ko Turawan da suka yi suna a nan yankinmu da mutanen gari suka dogara. Wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki fim na farautar dorina da Sorkawa suke yi a kogin Kwara cikin ƙasar Nijar a 1951, tare da abokinsa Damure Zika, wanda ɗan gidan masunta ne. Daga baya ya yi kimanin shekara bakwai yana komawa wajen maharban zaki masu kwari da baka kafin ya kammala fim ɗinsu a 1965. Ya rasu a 2004 a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni. Yau waɗannan finafinai sun zama shaidar wata rayuwa da ta shuɗe.

To ɗanka ya nemi tsohon maharbi ya zama yaronsa, ya riƙa kai masa goro, ya riƙe littafi yana rubuta abin da ya gani: wace rana, wane wuri, wace dabba, me take yi. In kuma yana son ƙarin karatu, ba sai ya haye teku ba. A New Bussa ta Jihar Neja akwai kwalejin tarayya ta koyon kula da namun daji. A Jos akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis da ke ƙarƙashin Jami'ar Jos, wadda tun 2015 take jagorantar aikin ƙidayar tsuntsayen Nijeriya, inda 'yan sa kai suke fita suna rubuta irin tsuntsayen da suka gani a yankunansu. Shiga wannan aiki hanya ce ta koyon sunayen tsuntsaye da sanin masana. Har wa yau a Jos ɗin akwai makarantar koyon fim ta ƙasa da kwalejin talabijin ta NTA. Nan gida kuma ga Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, inda zai iya samun malaman da zai riƙa yi wa tambaya. A Bristol akwai jami'ar da take ba da digiri na biyu a kan wannan sana'a kanta, amma kuɗinta ya fi ƙarfin shanu biyu nesa ba kusa ba, sai in tallafi aka samu.

A fara daga bayan gida

Na san yaron zai ce, ai babu zaki babu giwa a Zuru, me zan ɗauka? Gaskiya ne manyan namun sun yi ƙaranci. Binciken da aka buga a 2014 ya nuna zakunan da suka rage a duk Afirka ta Yamma ba su wuce kimanin 400 ba, yawancinsu a dazuzzukan da ke kan iyakar Benin da Burkina Faso da Nijar, a Nijeriya kuwa sai 'yan kaɗan a Kainji da Yankari. Amma finafinan zaki sun cika duniya, Turawa sun ɗauke su a Kenya da Tanzaniya da kayan aiki na miliyoyi, ba zai yi gasa da su ba. Abin da babu shi a kasuwa shi ne labarin halittun ƙasarmu da harshenmu.

Ɗauki shamuwa. Kowane manomi ya san in ta iso damina ta kusa. Amma mutum nawa ne suka san cewa rani take yi a gabashi da kudancin Afirka, ta yi tafiyar dubban kilomita ta dawo Arewa ta yi sheƙa cikin gari? Takan yi kimanin wata guda tana kwanci, 'ya'yan su yi kusan wata biyu kafin su tashi, kuma abincinta fara ne da tsutsotsin da suke cin amfanin gona. In akwai bishiyar da take sheƙa kusa da ku, yaro ya bi gida ɗaya tun daga ranar isowa har ranar tafiya. Wannan cikakken fim ne, da farko da tsakiya da ƙarshe, kuma a kan gadonsa zai riƙa kwana.

Ko cilakowa. Macen takan shiga kogon itace a toshe bakin da laka, a bar 'yar tsaga, namiji ya yi ta jigilar abinci yana miƙa mata har ta ƙyanƙyashe. Ko suri, wanda a cikinsa akwai uwa guda mai zuba dubban ƙwai a rana, da ɗakunan da garar take noma wani irin naman kaza don ci, ga kuma daren da shinge yake fitowa bayan ruwan farko yara su yi ta kamu. Ko ungulu. Ku masu cin kasuwa, yaushe rabonku da ku ga ungulu ta cika mahauta kamar dā? Tun 2015 masana suka sa irin wadda muka saba gani cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa, saboda guba da kuma cinikin sassan jikinta. Indiya ta ga irin wannan a shekarun 1990, lokacin da wani maganin shanu ya kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayenta, mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita, sai a 2006 aka hana ba dabbobi maganin. Fim da zai tambayi mahauta da dattawa ina ungulu ta tafi, zai sami masu kallo daga Sakkwato har Maraɗi.

Ga kuma jan baki, tsuntsun da yake sa manoman shinkafa na Kebbi kwana a fadama. Wanda ya ɗauki inda yake kwana da inda yake sheƙa da lokacin da yake sauka, ya yi wa manoma da malaman gona aiki. Nan cikin Zuru akwai kadojin Girmace, waɗanda al'ada ta kare su tun kaka da kakanni, sai dai wannan wuri ne mai masu shi, ba a ɗaga kyamara sai da yardarsu da bin ƙa'idarsu. A Yawuri ga dorina, da rigimarta da masu shinkafa da masu kwalekwale. A 2018 har giwaye sun ɓulla a yankin Koko/Besse na jihar nan, jama'a suka yi ta tururuwar kallo, hotunan da aka samu kuwa yawancinsu na wayar hannu ne.

Kayan aiki

Yanzu mu zo kan shanu. Kyamarar da ƙwararru suke aiki da ita, da gilashinta mai jawo nesa kusa, kuɗinsu miliyoyin Naira ne, kuma sau da yawa gilashin ya fi kyamarar tsada. Ko manyan masu sana'ar haya suke yi, ko kamfanin da ya ba su aiki ya ba su kaya. Sa'an nan ƙurar hunturu da ruwan damina ba sa raga wa na'ura, wanda bai iya riƙo ba zai lalata ta cikin wata shida. Ka sayar da shanu, kyamara ta mutu, ga gona babu huɗa, an yi biyu babu.

Abin da mai koyo yake bukata kaɗan ne. Waya mai kyamara mai kyau, ko tsohuwar kyamara ta hannu. Mazauni mai ƙafa uku, domin hoto mai rawa ba ya sayuwa komai kyansa. Ƙaramin makirufo, domin rabin daɗin fim sauti ne, kukan kurciya da asuba da motsin ganye da tsawar hadari. Madubin hangen nesa irin na hannu. Faifan sola na cajin batir. Tunda wayar ba ta jawo nesa sosai, sai ya rama da dabarar maharbi: ya kafa bukkar zana kusa da mashaya ko gindin bishiya, ya bar ta kwana biyu ko uku har tsuntsaye su saba da ita, ya shiga tun kafin gari ya waye. Hasken safe da na la'asar su ne na ɗaukar hoto, kuma a lokutan ne dabbobi suke motsi. Akwai kuma wata 'yar kyamara da ake ɗaurewa a jikin itace kamar an ɗana tarko, ita da kanta take ɗauka in wani abu ya gifta, ko da dare. Ba ta kai kuɗin ɗan maraƙi ba, kuma da ita ake ganin su bushiya da dila da beguwa.

Gandun daji, izini da tsaro

In ya ƙware a gida, sai ya hangi gandayen gwamnati. Akwai na Tafkin Kainji, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1970 ta hanyar haɗe dajin Borgu da na Zugurma, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 5,300. Akwai Kamuku a Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999. Akwai Yankari a Bauchi, wanda aka keɓe tun 1956 kuma ya koma hannun gwamnatin jihar a 2006. Akwai Gashaka Gumti a Taraba da Adamawa, wanda ya fi duka girma. Ga fadamun Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai suke zuwa cin rani. A Nijar kuwa, a Kure kusa da Yamai, raƙuman dawa sun ragu har saura 49 a 1996, amma da hukuma da mutanen ƙauyuka suka haɗa kai sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji a Jihar Maraɗi. Wannan labari ne mai faranta rai, kuma Hausawa kaɗan ne suka gan shi a hoto.

Amma a nan dole in yi magana da babbar murya. Ku mutanen Zuru da Danko/Wasagu da Sakaba ba sai an gaya muku abin da dazuzzukanmu suka zama ba a 'yan shekarun nan. 'Yan bindiga sun yi sansani a sassan Kamuku da Kainji, har ma'aikatan gandun kansu suna takatsantsan. Saurayi baƙo da kyamara a daji, ɓarayi za su ɗauke shi ɗan leƙen asiri, jami'an tsaro ma haka. Babu hoton da ya kai ran mutum. Kada ya shiga gandun gwamnati sai da takardar izini daga hukumar gandun da rakiyar ma'aikatanta, kada ya shiga dajin kowane gari sai ya gai da hakimi ko mai gari ya faɗi abin da ya kawo shi. Ƙaramin jirgin nan marar matuƙi mai ɗaukar hoto daga sama, shi ma ba a tashinsa sai da izinin hukuma.

Dabbobin ma ba abin wasa ba ne. Shi Alan Root ɗin da na ambata, kasa ta sare shi ya rasa yatsa, dorina kuma ta yage masa ƙafa. Takalmi mai rufe idon sawu wajibi ne saboda kububuwa. Sa'an nan sana'ar tana da ladabinta. Ba a ɗaure dabba don a ɗauke ta, ba a taɓa sheƙa, ba a korar uwa daga kan ƙwai, kuma ba a bayyana wurin da wata dabba mai wuyar samu take kwana, don kada fim ɗinka ya zama jagoran masu kashe ta. Akwai dokar tarayya tun 1985 da ta hana kamawa da cinikin irin waɗannan dabbobi.

Ina kuɗin yake fitowa?

Kada in ɓoye maka, Baba, gidajen talabijin namu ba su cika sayen irin wannan shiri ba, wasu ma sai mai shirin ya nemo mai ɗaukar nauyi. Hanyoyin samun sun fi yawa ta wajen ƙungiyoyin kare namun daji da muhalli, irin su Gidauniyar Kare Halittu ta Nijeriya da aka kafa a farkon shekarun 1980, da hukumomin gandun daji da na aikin gona, waɗanda suke bukatar gajerun finafinai da Hausa don wayar da kan jama'a. Akwai kamfanonin waje da sukan sayi guntun hoto na wata dabba da ba su da shi, ko su ɗauki ɗan ƙasa ya yi musu jagora da taimako. Annobar korona ta 2020, da ta hana Turawa tafiye-tafiye, ta sa da yawansu suka koma neman masu kyamara na cikin Afirka. A Durban ta Afirka ta Kudu akwai wata ƙungiya mai suna NEWF, da aka kafa a 2017, wadda take horar da matasan Afirka a wannan sana'a, kuma abin da take dubawa shi ne aikin da mutum ya riga ya yi. Sai kuma YouTube, wanda yake fara raba kuɗin talla da mutum in ya tara mabiya 1,000 kuma an kalli finafinansa na sa'a 4,000 cikin shekara guda. Kuɗin ba su da yawa da farko, amma wurin baje koli ne kyauta.

Duk waɗannan ba albashi ba ne mai zuwa ƙarshen wata. Kamar fatauci ne, wata kasuwar ta yi kyau, wata a dawo da kaya. Shi ya sa kusan duk masu wannan sana'a suka fara da riƙe wani aiki a hannu ɗaya. Ɗanka yana iya ɗaukar bidiyon biki da suna da taron Uhola, yana iya neman aiki a gidan rediyo ko talabijin, yana iya tace wa wasu finafinansu. Wannan yana kawo na cefane, yana kuma gyara hannu.

Shawarata gare ku

Baba, kada ka kashe masa gwiwa, kada kuma ka sayar da shanu. Ku zauna ku yi yarjejeniya gaban kawunsa ko wani babba da yake jin nauyinsa. Ka ba shi shekara guda, daga wannan shuka zuwa waccan. A cikinta ya riƙe aikin da zai ci da kansa, ya taya ka noma kamar yadda ya saba, sa'an nan ya kammala fim ɗaya na minti goma a kan halitta ɗaya ta ƙasar Zuru, da muryarsa, da Hausa ko da C'lela, da kayan da yake da su ko na aro. In ya gama, a kafa farin ƙyalle a ƙofar gida a tara dattawa da maharba su kalla. In suka ce lalle haka tsuntsun nan yake yi, har wani ya ce yau na ga abin da ban taɓa lura da shi ba, to yaro ya kama hanya, sai ya aika da fim ɗin ga ƙungiyoyin da na ambata, kai kuma in kaka ta yi kyau ka taimaka masa da tsohuwar kyamara daga kuɗin hatsi. In kuwa shekara ta zagayo babu fim sai uzuri, to kai da shi duk kun gane sha'awa ce kawai, shanunku kuma suna nan. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kai kuma saurayi, in an karanta maka wannan shafi ko ka karanta da kanka, ka sani mahaifinka bai ƙi ka ba, gumin da ya zuba a karatunka yake tunawa. Gobe da asuba ɗauki littafi da biro ka nufi bakin rafi, ka zauna sa'a biyu ba motsi ba latsa waya. In ka iya wannan sau talatin a jere, ka rubuto mana ka gaya mana abin da ka gani, za mu karanta a fili.

Sauran jama'a, musamman maharba da makiyaya da masunta, in irin waɗannan yara sun zo muku da tambaya kada ku kore su. Gauraka da jimina da gwanki da iyayenmu suka sani, jikokinmu da yawa ko a hoto ba su taɓa ganinsu ba. Abin da ya rage, gara a ɗauke shi a ajiye tun yana nan.

A nan za mu dakata. Mai tambaya a kan noma, ko kiwo, ko kasuwa, ko karatun yara, ya aiko da takardarsa kamar yadda aka saba, ya rubuta sunan garinsu sosai yadda za a iya karantawa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.